Akuyar da Ta Cinye Tanko Mai Tulu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da akuyar Inna ta kwance mini zani a kasuwa.

Bara ne, lokacin da fari ya sa kowa cin jar dawar taimako. Ni kuwa ba hatsi ke gabana ba, 'yan littattafan zane na Tanko Mai Tulu nake tarawa, labarin wani ramammen ga-ruwa da kullum yake yi wa masu tumbi wayo. Da injin hannu ake buga su, tawadar na bin yatsa, babu sunan mai zanen, sai hoton fara a kusurwa. Sha biyu ne duka, kuma na haɗa su cif. (A lakwal, wato makaranta, na ce talatin gare ni.)

Wata uku ina cigiya kafin in gano mai farar a unguwar Wadata: Baba Sanda, wani tsoho mai rubuta allunan shaguna. Da na gaya masa abin da na tara, sai ya ajiye burushinsa.

"Ɗana, ni ko ɗaya ba ni da shi. Da soji suka fara bincike, murhu na cusa nawa."

Ya ce wani mai buga littattafai ya yarda ya haɗa su wuri guda, in an kawo masa duka.

Na bugi ƙirji. "Baba, nawa ko ƙuda bai taɓa sauka kansu ba!"

Abin da ban faɗa ba, mahaifina ya hana takardar da ke taɓa manya ta kwana a ɗakinsa. Don haka a kwali na zuba su, na ɗora bisa rumfar akuya.

Ranar Juma'a tsohon ya saka babbar rigarsa, muka taka har gidanmu a Lamorde cikin rana don ɗauko su. Ni kuma na gayyato abokaina uku su shaida girmana.

Akuyar nan ta yi watanni ba ta ga ɗanyar ciyawa ba. Muka tarar da kwalin a ƙasa, ita kuma tana tsaye a kai, idonta lumshe, rabin fuskar Tanko na leƙowa daga bakinta. Na kama na ja, ta ja. (Ita ta yi nasara, ni na zauna cikin kashinta.) Abokaina suka faɗi ƙasa don dariya. Inna ta leƙo ta ce, "Kai, sakar mata, ba ka ga yunwa take ji ba?"

Baba Sanda bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya tsinci wani guntu mai hoton fara, ya daɗe yana dubansa.

"To, alhamdulillahi," ya ce. "Shekara shida ina zane, yau dai wani ya ƙoshi da aikina."

Da ƙasa ta tsage, da na shige. Sai na ji bakina yana cewa, "Na farko, shafi na ɗaya, Tanko na zaune gindin famfo, hularsa a karkace."

Ya ɗago kai. "Sai me?"

Ashe na haddace su fiye da karatun lakwal. Yanzu kowace Alhamis ina Wadata, ina faɗa yana zanawa. Mun kai na bakwai, kuma ya ce ƙaryata ta fara shiga ciki.

Na dai koyi abu guda: a shekarar yunwa, kafin ka yi alfahari da ajiyarka, duba wa ke kwana ƙarƙashinta.