Yadda Na Zama Mai Turare

Kwallin idonta na fara gani, a wani kantin magani da take aiki a unguwar Mahdiya, lokacin da kuɗin mai ya cika birnin Sabha da gine-gine, ƙurar siminti kuma ta tayar min da asma.

Ta miƙo min abin fesa magani, ta tsaya tana bayani a hankali, har da gwadawa. Ni kuwa, da littattafan soyayya suka rena, ina can ina zaɓa wa 'ya'yanmu suna.

"Ka gane?" ta tambaya.

"Sarai," na ce.

Kullum sai in buɗe riga in fesa a ƙirji, inda ciwon yake. Ranar da numfashina ya sarƙe a wurin aiki, Iliya, abokina ɗan Maraɗi, ya tarar da ni ina ta fesawa.

"Kai, wawan Allah, a baki ake sawa! Turare ne?"

Na kwanta asibiti, aikin ya tafi. Da muka koma kantin, sai ta yi wa Iliya bayanin, ko kallona ba ta yi ba.

Har yau a unguwarmu ta Tayuri, Mai Turare ake kirana. Ita kuwa ta auri wani likitan ƙirji, suka koma Tarabulus.