Ƙwai Ɗari Uku da Ra'ayin Masu Zuba Jari

Ranar Talatar makon jiya na yi wa maƙwabcina ɓarnar da ban taɓa yi wa maƙiyi ba, kuma da baki kawai na yi ta, ina tsaye a layin gidan mai da 'yar rediyota a kunne. Tun da aka ba ni wannan fili a jarida manya nake ɗora wa laifi. Yau ku yi mini haƙuri in fara da kaina, su ma zan iso kansu.

Maƙwabcin nawa dattijo ne, tsohon masinja, yaran unguwa suna ce masa Baban Tsaki. Da ya ajiye aiki ya gaji da zaryar neman haƙƙinsa, sai ya sayar da babur ɗinsa ya sayi injin ƙyanƙyasar ƙwai, wani akwati mai ƙofar gilashi, ya kafa shi a ɗakin da ke bakin ƙofar gidansa. Ya zuba masa ƙwai ɗari uku. Sharaɗin abin ɗaya ne: kwana ashirin da ɗaya ɗumi ya zauna a cikin akwatin ba yankewa. Wutar lantarki kuwa a unguwarmu baƙuwa ce mai kunya, ta leƙo ta gaishe mu ta koma. Saboda haka ran ƙwan nan yana hannun wani ɗan janareto, ran janareton kuma yana cikin jarka. A ranar Talatar nan ƙwai sun kwana goma sha takwas, saura uku.

Da sassafe muka hau layi, ni da tsohuwar motata, shi da jarkarsa. Sau biyu ana dakatar da mu don a cika tankin wasu baƙaƙen motoci guda goma sha ɗaya, aka ce na kwamitin tarbar masu zuba jari ne da za a yi wa babban taro a otal. Ba mu yi gunaguni ba. Wane marar kishi ne zai so baƙo ya sauka ya tarar da masu tarbarsa suna tura mota?

Wajen la'asar, saura mutum huɗu a gaban Baba, sai rediyo ta kawo labarin cewa kasuwannin duniya sun rikice, bankuna suna durƙushewa, farashin gangar ɗanyen mai ya zube ƙasa da rabi. Aka jiyo ra'ayin masu zuba jari. Na farko ya ce faɗuwar ma yanzu aka fara. Na biyu ya ce shi tuni ya kwashe dukiyarsa daga kuɗaɗen ƙananan ƙasashe ya mayar inda za ta yi barci lafiya. Maganar na biyun ban ba ta muhimmanci ba, don ban taɓa jin wani babba a nan ya kira mu ƙaramar ƙasa ba.

Ku sani ni ne masanin tattalin arzikin unguwarmu, saboda ni kaɗai nake karanta jarida har shafin baya. Kuma ban manta ba, bara da aka ƙara kuɗin mai, Mai Girma Sarkin Bayani, mai magana da yawun gwamnati, ya fito ya dafa ƙirji ya ce ba laifin kowa ba ne, kasuwar duniya ce ta hau, kuma ranar da ta sauka, washegari za mu gani a bakin famfo. Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fita fes. Na taka har wurin Baba na raɗa masa cewa kada ya cika jarkar nan, ya sayi abin da zai kai shi gobe kawai, gobe mai zai zama kamar kyauta.

Ya dube ni, ya dubi jarkar. "Malam, kana ganin haka?"

"Baba, ba ni na faɗa ba, masu zuba jari ne. Mutanen nan ba sa kuskure a kan kuɗi."

Jarkar lita ashirin da biyar ce, ya sayi huɗu. Ni ma, don kada a ce ina ba da maganin da ba na sha, na sa aka ɗan ɗiga mini na komawa gida. Muka taho ina jin kaina kamar wanda ya cuci gwamnati.

Ranar Laraba muka wayi gari kowane gidan mai an ja ƙofa an sa kwaɗo, wai ana jiran sabon farashi. Na ce wa Baba ka gani ko, sauke shi za a yi. Muka zaga gidajen mai bakwai har ɗan abin da ke motata ya ƙare, muka bar ta a gindin wata bishiya muka dawo a ƙafa. Da azahar Sarkin Bayani ya sake fitowa, da sabuwar hula. Ya ce gaskiya ne ɗanyen mai ya faɗi, amma kuɗinmu ya riga shi kaiwa ƙasa, domin masu zuba jari sun tsorata sun kwashe nasu, mu kuma da kuɗin waje muke sayo tataccen mai. Saboda haka an ƙara farashi, kuma za a buɗe gidajen mai da zarar an gama gyara lambobin famfo. Ya roƙe mu mu ƙara haƙuri, ya ce shi ma abin yana hana shi cin abinci. Fuskarsa dai ba ta nuna ba, amma ni ba likita ba ne.

Wanzamin unguwarmu, da bai taɓa buɗe jarida ba sai don ya shimfiɗa almakashi, shi ya fi ni fahimtar tsarin. Ya ce in ganga ta hau mu ne za mu biya, in ta sauka mu ne za mu biya, to ranar da ta tsaya cik ma a shirya. Ni a ganina wannan ƙwarewa ce da ta cancanci lambar yabo. Ba kowace hukuma ce za ta iya ɗaukar labari mai daɗi da marar daɗi ta fitar da sakamako iri ɗaya ba.

Janareton Baba ya shanye lita huɗunsa kafin rana ta faɗi. Da ƙyar muka samu kwalba biyu wurin masu sayarwa a bakin titi, ashe an gauraya shi da kananzir. Janareton ya yi tari sau uku ya mutu, bakanike ya ce sai an kwance shi gaba ɗaya. Ga ruwan sama ya sauko, gari ya yi sanyi. Matar Baba ta yi ta dafa ruwa tana ɗurawa a kwalabe, muna jerawa cikin akwatin muna lulluɓe shi da bargo. Mai ɗakina ma ta kawo namu bargon. Janareton bai tashi ba sai yammacin Alhamis.

Ranar Juma'a tsaki goma sha tara suka fito. Muka ƙara wa sauran kwana biyu, shiru. Baba ya fasa guda ɗaya a gabana, ga ɗan tsako nan cikakke, da baki da ƙafafu da gashinsa, kwana uku kawai ya nema bai samu ba. Ni na taya shi ɗaukar kwandunan ƙwan zuwa bayan gidansa, ni na riƙe shebur. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

A ranar ce kuma aka rufe taron otal. Sanarwar bayan taro ta ce hankalin masu zuba jari ya fara kwanciya, kuma an kafa tawagar mutum arba'in da za ta bi su har ƙasashensu ta ƙara kwantar musu da shi. Allah ya kai su lafiya, ya sa masaukin ya yi musu daɗi. Tambayata dai ƙarama ce, ranku ya daɗe. Wanda ake rarrashi ɗin nan, da ya ji ƙyas ya danna waya dukiyarsa ta tsallaka teku kafin shayinsa ya huce. Wanda ya sayar da abin hawansa ya zuba komai a ƙasar nan, a ɗakin da ba ya iya ɗauka ya gudu da shi, shi me ake kiransa? Ban ga sunansa a jerin waɗanda aka gayyata ba. Wataƙila don ba shi da inda zai je, ba a ga dalilin ɓata masa kujera ba.

Kwana uku ina zagayawa ta bayan layi don kada mu haɗu. Na shirya wa faɗa, na shirya wa gori, har na tsara yadda zan sunkuyar da kai. Yau da safe sai ga sallamarsa a ƙofar gidana. Muka gaisa, na tambayi tsaki, ya ce suna nan suna ci, ɗaya ne kawai ba shi da kuzari. Ya ce surukinsa ya yi masa alkawarin ƙwai ɗari ya sake gwadawa, shi ne ya ce bari ya fara jin ta bakin masana kafin ya zuba.

"Malam, yau me suka ce?"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce masa batirin rediyon ya ƙare.

"Ayya," in ji shi. "Bari in ciro maka na tocilata."

Ya juya ya nufi gida da saurinsa na tsofaffi. Ga ni nan zaune ina rubuta muku wannan, ina jin takunsa yana dawowa, kuma rediyon lafiyarta ƙalau.