Ranar da Na Ɗauko Mai Girma da Ƙwai Kiret Uku

Bari in tona wa kaina asiri kafin maƙwabta su riga ni. Ni ɗin nan, da shekara hamsin da ɗoriya da furfura a gemu, har safiyar Talatar da ta wuce ban iya kwanar hagu da kekena ba. In dama ce, sai ka rantse a kan sirdi aka haife ni. Amma da na hango hagu, sai in taka burki in nemi wata hanya.

Ba duka laifina ba ne. Keken ba irin wanda kuka sani ba ne: ƙafa uku gare shi, biyu a gaba ɗauke da akwatin katako na zuba yara da kaya, ɗaya a baya inda nake fama da feda. Maƙwabcina mai walda ne ya ƙera mini shi daga wani hoto da ya gani a waya, kuma hoton ta gefen dama aka ɗauka. Gefen hagu da ka ya yi shi. Ranar da na fara gwada kwanar hagu, tayar wannan gefen ta ɗaga sama kamar kare ya samu gindin bishiya, tukunyar gas ta fice daga akwati ta gangara, ta riga ni isa gida.

"Nauyi yake so a hagu," in ji mai walda, ko kallona bai yi ba. "Ka nemi abu mai nauyi ka ajiye a wurin."

"Kamar me?"

"Ni na sani? Ka sa girman kanka mana."

Tun daga ranar na daina neman shawararsa, na kuma daina hagu. Duk inda za ni, dama nake yi, in ƙara dama, in sake dama, har in zagayo. Ana isa dai, sai dai ana ganin gari.

Kada wani ya ɗauka ba ni da mota. Ina da ita, tana nan lafiya lau a layin gidan mai, yau kwananta goma sha ɗaya. Kullum da yamma nakan je in duba ta kamar mara lafiya a asibiti. Wata baiwar Allah ma ta fara shanya a kanta, har ta roƙe ni kada in matsa gaba sai zannuwanta sun bushe. Na ce ta kwantar da hankalinta, ta ƙaro wanki. Ai manya sun yi mana alkawarin layin mai zai zama tarihi cikin mako biyu, kuma ba su yi ƙarya ba. Ya zama tarihi. Akwai yaran da aka haifa a farkonsa, yanzu su ake aika su kama wa iyayensu layi.

To, abin da ya fitar da ni ranar Talata ba wasa ba ne. Autata, 'yar aji huɗu, ta makara sau goma sha ɗaya a zangon nan, kuma shugabar makarantarsu ta aiko da takarda mai gajeren bayani: ranar jarrabawa ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ƙofa, duk wadda ta makara ba za ta rubuta ba, kuma za ta maimaita aji. Uwargida ta karanta mini takardar sau biyu, na biyun a hankali, kamar mai magana da kurma.

"Baban Auta, in yarinyar nan ta maimaita aji, tare za ku maimaita. Kuma ga ƙwai kiret uku, ka sauke wa mai kantin da ke kusa da makarantar. Na ƙirga su."

Uwargida kaji take kiwo a bayan gida, kuma in ta ce ta ƙirga, to ta san kowane ƙwai da uwarsa.

Bakwai saura kwata muka fita. Auta a cikin akwati, jakarta a baya, ƙwai a cinya, tana bitar jadawalin lissafi na sau bakwai da ƙarfi. Iska tana kaɗawa, muna wuce motocin da suka yi cirko-cirko, ina ɗaga wa masu su hannu irin na wanda ya riga ya tsira. Na yi damata ta farko, na yi ta biyu, sai ga mu a babban titi. Nan na tarar da igiya an gitta, da rumfuna, da kujerun roba, da wani ɗan kaki mai usur a baki.

Ya busa, na taka burki. Ya zagaya keken sau biyu, ya leƙa ƙarƙashinsa.

"Dattijo, wannan mene ne?"

"Keke ne, yallaɓai."

"Keke ƙafa biyu gare shi."

"To, a ce amalanke."

"Amalanke turawa ake yi." Ya zaro wani ɗan littafi daga aljihu, ya lashi yatsa, ya yi ta buɗawa. "Babu shi a nan. Abin da babu shi a littafi kuwa, ban san laifin da zan ce ya yi ba. Tsaya a gefe tukuna."

"Yallaɓai, jarrabawa gare ta. Me ake yi ne aka tare hanya?"

"Sabuwar hanyar keke za a ƙaddamar."

"Alhamdu lillahi! Ai ga keke."

"Yau ba a shiga da keke."

Na leƙa ta saman igiyar. Ga ta nan kuwa, an shafa mata koren fenti, tana sheƙi, da hoton keke an zana da fari. Shekara uku ke nan muna jin labarinta a rediyo. An kafa kwamiti, kwamitin ya kafa ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya tafi ƙasashe huɗu ya ga yadda ake hawan keke, ya dawo da rahoto da sababbin akwatuna. Abin da aka samu a ƙarshe, in ka taka da ƙafa, bai fi taku ɗari biyu ba. Amma ni ba butulu ba ne. Da babu gara ba daɗi, kuma fentin mai kyau ne.

Na saba in an ce taron manya ƙarfe bakwai, to sai rana ta take. Sai ga jiniya. Ashe Mai Girma Mai Almakashi, wanda Allah ya hore wa baiwar yanke ƙyalle, zai kama jirgin ƙarfe tara zuwa wani taron ƙasashe kan amfanin keke ga lafiyar talaka. Mota ashirin da uku na ƙirga, ni da ke zuwa gaida tawa a layi. Rabinsu a kan koren fentin suka tsaya, har sai da aka roƙe su suka ja baya.

Bakwai da minti goma. Auta ta daina jadawali.

"Baba," ta ce. Ta nuna mini agogon hannuna.

Ina cikin lissafin ko in ɗauke ta a kafaɗa in tsallake igiya, sai na ga wani mai riƙe wa Mai Girma jaka yana ta safa da marwa, waya a kowane kunne, gumi har cikin kwalarsa. Ashe duk cikin mota ashirin da uku, babu wanda ya zo da keke. Kwamitin sayo keken ƙaddamarwa bai miƙa rahotonsa ba tukuna. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma manyanmu ranar tafiya suke shuka ta.

Idonsa ya faɗa kaina. Abin nema ya samu.

"Bawan Allah! Kai, mai akwati! Taho, taho, ƙasa na buƙatarka!"

Ɗan kaki ya ce, "Yallaɓai, babu shi a littafi."

"Rubuta shi!"

Aka ɗaga igiya, aka tura ni gaban masu ɗaukar hoto. Ni da nake cika baki a wannan shafi na jarida kowane mako, ina cewa in na haɗu da manya zan gaya musu gaskiya ido da ido, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ranka ya daɗe, barka da asuba, an tashi lafiya?" Har da ɗan rusunawa a kan sirdi.

Mai Girma ya yanke ƙyalle, aka tafa. Ya dubi sirdin, ya dubi tumbinsa, suka fahimci juna ba tare da gardama ba. Sai ya ce shi mutumin talakawa ne, a cikin akwati zai zauna tare da yarinya. Mutum uku suka ɗaga shi suka saka. Akwatin ya yi wani nishi da ban taɓa jin katako ya yi ba.

"Kawu, riƙe ƙwan nan," in ji Auta, ta ɗora masa kiret uku a cinya. "Mama ta ƙirga su."

Mai jaka ya raɗa mini tsarin: za a yi hoto a tsaye, sannan Mai Girma ya yi ɗan gajeren jawabi daga cikin akwati. Na hango jawabin a hannunsa. Kaurinsa ya kai na littafin lissafin Auta. Na dubi agogo, bakwai da minti ashirin da biyar. Na dubi Auta, ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta, idanun sun ciko.

Ni ba jarumi ba ne, jama'a. Amma na san wadda zan koma in tarar a gida, kuma ba ta da jiniya, ba ta buƙata. Na ce bismillahi, na taka feda.

Allah ya taimake ni hanyar gangara ce. Masu hoto suka ɗauka cikin tsarin ne, suka hau tafi. Mai Girma ya so ya ɗaga musu hannu, ya tuna ƙwai, ya fasa. Sai da muka yi nisa masu tsaronsa suka gane keken ba shi da niyyar tsayawa, suka biyo mu da gudu cikin takalma masu tsini.

"Malam, ina za mu?" in ji Mai Girma.

"Ƙaddamarwa muke yi, ranka ya daɗe."

Koren fenti ya ƙare daidai gindin wani turken wutar lantarki da ke tsaye a tsakiyar hanyar, an ma shafa masa koren shi ma don kada ya ji an ware shi. A dama kwata ce buɗe. A hagu kuwa, lungun da ke fita ƙofar makaranta. Burki ya ce shi da nauyin mutum ɗaya aka yi yarjejeniya da shi.

"Kawu, kwanto hagu!" Auta ta daka tsawa. "Hagu! Wajen agogonka!"

Ban san yaushe rabon da wani ya ba mutumin nan umarni ba, amma ya bi, ya kwanta da dukan abin da shekaru suka tara masa. Na rufe ido ɗaya na karya kan keken. Tayar hagu ta so ɗagawa, ta ji abin da ke kanta, ta haƙura. Muka sha kwana sumul, kamar jirgin ruwa. A tarihin hidimarsa ga jama'a, ina jin ranar ce nauyin ofishinsa ya fara amfanar wani, kuma ni shaida ne.

Bakwai da minti ashirin da takwas muka tsaya a ƙofar makaranta, maigadi ya riga ya turo ƙyaure ɗaya. Auta ta dire, ta ruga, ta juyo daga ciki ta ce, "Na gode, Kawu!" Ni ko kallo ban samu ba. Mai Girma ya yunƙura zai bi ta, wataƙila ya hango wurin jawabi, maigadi ya tare shi da sanda.

"Iyaye a waje, Alhaji. Jarrabawa ake yi."

Kafin masu tsaro su iso suna haki, ya gyara hula ya dawo hayyacinsa. Da yamma na ji a rediyo cewa ya ƙaddamar da sabon shirin kai yara makaranta kyauta a keke, kuma shi da kansa ya kai yarinya ta farko. An kafa kwamiti. Ƙwai dai biyu ne suka fashe, duka a rigarsa, kuma uwargida ta ce in rubuta a jarida cewa tana jiran kuɗinsu.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana magidanta: ku bar motocinku su huta a layi, ku nemi mai walda, amma ku ba shi hoto ta gefe biyu. Keken akwati ba ya shan mai, ba ya jin alkawari, yana ɗaukar yara da gas da ƙwai, har da manya in ta kama. Ba don shi ba, da 'yata ta maimaita aji. Wannan magana na tsaya ina yi wa maigadi, da hannu da ƙafa, har na zo hawa na ga ƙarfen da ke riƙe da tayar hagu ya lanƙwashe, keken ya zauna a gefe ɗaya kamar wanda ya gaji da zancen.

Dole na bar shi wurin maigadi, na sauke wa mai kanti ƙwansa, na kama hanyar gida a ƙafa in kira mai walda. Shekara huɗu ina kai yarinyar nan makaranta, da mota da keke, ban taɓa taka hanyar ba sai ranar.

Minti tara na yi.