Baƙin Zoɓon Tabawa

A ƙauyen Tsamiyar Biri akwai wani mutum ana ce masa Nomau. Gemunsa har ya fara furfura, amma duk maganar da aka yi masa, yadda ta fito daga baki haka yake ɗaukarta. Yana zaune a gidan yayarsa Tabawa, su uku da akuyarta Kyalla, wadda Tabawa ke cewa ta fi mutanen garin amana. Ita kuwa Tabawa, ko sannu ka yi mata sai ta wuni tana neman abin da kake nufi.

Bayan ɗakinta akwai ɗan lambu. In kaka ta ja baya, gonaki sun koma kara, nan kaɗai ido ke samun abin kallo: barkono ja wur, kabewa ta yi rawaya a kan darni, lalle kore shar. Amma ran Tabawa yana kan zoɓonta. Baƙin zoɓo ne mai kauri, irin da uwarsu ta bar mata, babu mai shi a duk yankin. Gindi bakwai ne bana, tana jiran su ƙosa ta ɗebi iri, sai ga 'ya'yan kullum suna raguwa. Nan take ta ɗora wa maƙwabcinta Malam Jatau laifi, don ya taɓa leƙowa ta kan darni ya ce zoɓon ya yi kyau.

Wata rana za ta rijiya, ta ce, "Nomau, ka sa ido a kan lambun nan, tun daga barkonon har zoɓon." Nomau ya durƙusa, ya riƙa kama barkono ɗaya bayan ɗaya yana manna wa idonsa. Ta dawo ta tarar da shi yana birgima, idanu sun kumbura suntum, zoɓo kuma ya sake raguwa. Cikin kuka ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ban kai ga zoɓon ba, barkonon da yawa." Tabawa ta yi ƙwafa, ta ce lallai Jatau ya san lokacin shigowa.

Wata rana ta jawo shi gefe, ta rage murya. "Je ka wurin Jatau ka bugi cikinsa, mu ji abin da ke ciki." Nomau ya tarar da Malam Jatau a ƙofar gida ya cika ciki da fura, yana gyangyaɗi. Ya yi sallama, ya ɗaga masa riga, ya ɗaɗa masa tafi biyu a tumbi, sannan ya kara kunne. Malam Jatau ya zabura yana salati, ya bi shi da buta. Nomau ya dawo yana haki ya ce, "Yaya, na ji. Ruwa ne a ciki, yana ƙugi." Tabawa ta tafa hannu. "Ruwa? Ai ruwan zoɓona ne!" Daga ranar ta daina amsa gaisuwar Jatau, maƙwabcinta na shekara talatin.

Wata rana tana shirin zuwa suna, Nomau ya fito daga lambu a guje. "Yaya, Yaya, na ga..." Ranta a ɓace yake tun safe, ta daka masa tsawa. "Kama bakinka! Me ka taɓa gani? Tsinke sauran ka kai wa Jatau mana, ya huta da tsallaka darni!" Gatse ta yi, amma ina Nomau ya san gatse? Tana fita ya damƙe leɓɓansa da hannun hagu, ya tsinke zoɓon tas da na dama, ya kai wa Malam Jatau a kwando, ya juyo riƙe da bakinsa.

Da la'asar Tabawa ta dawo, ta zaga lambu. Ga ɓaraka a gindin darni, ga Kyalla a tsakiyar zoɓo tana tauna, ta bar gindi bakwai ɗin tsirara, ko ganye babu. Tabawa ta zube a ƙasa ta fashe da kuka, tana kiran sunan uwarta. Irin da aka riƙe tun kakanni ya ƙare a hannunta, kuma a cikin akuyar da ta fi yarda da ita.

Ana haka sai ga sallamar Malam Jatau, kwando a hannu, yana kare tumbinsa da gwiwar hannu. Ya ce, "Tabawa, ƙaninki ya kawo min wannan, na rasa na mene ne. Na duba dai, irin ya ƙosa. Ki shanya abinki."

Kunya ta rufe Tabawa. Ta karɓa, ta roƙi gafararsa, ta dumbuza masa rabi ya shuka baɗi. Sannan ta dubi ƙaninta da ke tsaye riƙe da baki tun safe, ta ce, "Saki."

Nomau ya ja numfashi ya ce, "Yaya, na ga Kyalla tana cin zoɓo."

Tabawa ta harari akuyar. "Wallahi da za a ɗauko wuƙa a..." Sai ta ga Nomau ya riga ya juya wajen madafa. Ta yi maza ta sa hannu ta kama nata bakin.