Mai Duba Tafi a Ƙofar Kamfanin Sabulu

Duk mai neman aikin ƙarfi a unguwar masana'antu ya san Yallaɓai Mai Duba Tafi, jami'in ɗaukar leburori na kamfanin sabulu. Allah ya yi masa baiwar da ko likita bai samu ba: ya shafa tafin hannunka sau ɗaya, ya faɗa maka ko kana da rabo a masana'anta. Yana da farar hular kwano da ko ƙura ba ta taɓa hawa ba, da biro uku a aljihu, biyu ba sa rubutu. Cikin masana'antar kuwa ba ya shiga, wai warin soda na taɓa masa tunani.

Kamfanin ya yi wata huɗu a rufe ana gyaran inji, an sallami leburori duka. Ranar buɗewa aka ce mutum ashirin ake so, sama da ɗari biyu suka yi layi har bayan katanga. Yallaɓai ya hau benci, ya gyara murya.

"Jama'a, makomar lebura haske ce! Kwas na kwana uku na yi a kan wannan. Ba na son takarda, ba na son ɗan wane ne. Kantar hannu nake son gani. Ku buɗe hannu!"

A cikin layin akwai dattijon da kowa ke kira Kawu. Shekara goma sha tara yana ɗaukar buhunan soda a kamfanin nan, yana juya tukunya, yana wanke ta. Wata huɗun nan matarsa ce ke riƙe gidan da wankau, kuma ya san in bai shiga cikin ashirin ɗin ba, babu ƙofar da za ta buɗe wa mai furfura. Sai dai soda ta daɗe da cinye masa kanta, tafinsa sumul kamar na jariri.

Yallaɓai ya shafa, ya kaɗa kai cikin tausayi irin na masana.

"Baba, wannan hannun bai taɓa ɗaga ko bokiti ba. Je ka gida ka yi wasa da jikoki."

"Yallaɓai, ai sodar ce ta..."

"Ni za ka koya wa ilimin hannu? Na gaba!"

Haka ya tsamo ƙarti ashirin, masu fasa dutse da masu haƙa rijiya, tafin kowa kamar tayar mota. Bayin Allah sun yi aiki da gaskiya. Sun juya tukunya kamar za su huda ta, amma babu wanda ya san lokacin da ake dainawa. A kwana na uku sabulu ya ƙi daskarewa, tukunya biyu suka tashi a banza. Manaja ta sauko daga bene, ta leƙa, ta waiwaya.

"Ina tsohon nan mai juya tukunya?"

"Ranki ya daɗe, binciken da na gudanar ya nuna hannunsa..."

"Je ka kawo shi. Da ƙafarka."

Ya tarar da Kawu a tsakar gida yana taya matarsa shanya. Yallaɓai ya daidaita hula, ya tsaya tsakanin zannuwan gado biyu masu ɗiga.

"Baba, bayan dogon nazari, na yanke shawarar ba ka dama ta biyu."

"Allah ya ƙara girma," in ji Kawu. Ya goge hannu a riga, ya kama na Yallaɓai da hannu biyu yana godiya. Sai ya ƙi saki. Ya shafa tafin da babban yatsa, ya sake shafawa.

"Ikon Allah! Ɗana, kai a wace tukunyar ka yi naka shekarun? Ai naka ya fi nawa laushi."

A bayan zanen gado aka ji uwargida na fama da wani irin tari.

Washegari Kawu ya koma bakin tukunyarsa. Yallaɓai kuwa tun daga ranar ya ƙara sabon kayan aiki: safar hannu, har cikin ofis.