Rasuwar Kwamfutar da Musaddiq Ya Haɗa da Hannunsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Badamasi mai awon hatsi a Birnin Kudu, a madadin iyalina, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar ɗana Musaddiq, wadda ta cika a soron gidanmu ranar Talata bayan la'asar, sakamakon zazzaɓi mai tsanani da kuma duka.

Marigayiyar ba 'yar kanti ba ce. Musaddiq ne ya tsinto gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. Furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, daga wajen Malam Zulkifli mai gyara a Gwaram ya fito. Madabod kuwa, faifan da ake dasa komai a kansa, wani abokinsa ne ya aiko daga Kano. Tun ranar farko waɗannan biyu ba su jitu ba. An kunna, fanka ta juya, fuska, wato gilashin kallo, ta ƙi kawo haske, sai kuka kawai, "tiit, tiit, tiit." Malam Zulkifli ya ce faifan tsoho ne, ƙwaƙwalwar sabuwa, kamar a ɗaura wa tsohon sa da ɗan maraƙi garma ɗaya. Ya sabunta wa faifan karatun cikinsa, ta farka, amma ya ja mana kunne cewa abincin da ƙwaƙwalwar ke nema ya fi ƙarfin faifan.

Shaidar da zan yi mata ita ce haƙuri. Kafin zuwanta ɗana yana cikin samarin da ke bin motocin siyasa da gora da adda. Ya taɓa dawo mana kai a fashe, riga jage-jage da jini, uwarsa Kubra ta yanke jiki ta faɗi. In ransa ya ɓaci, ƙyaure ya sani, tukwane sun sani, ƙannensa ma sun sani. Da ta zo, sai ta zaunar da shi. Ya koma haɗa wa mutane bidiyon biki da suna, duk abin da hannunsa ya saba yi kuma ita ta ɗauke. Ta sha mari, ta sha shuri, ba ta taɓa ramawa ba, iyakarta ta ce "ƙirr" ta ci gaba da aiki.

Ciwon ajali ya kama ta da shigowar bazara. Jikinta ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu, fankarta na ihu "fuuuu" kamar ana yanka ta, sai ta ɗauke ɗif ana tsakiyar aiki. Babu abin da ba mu yi ba. An cire mata murfin gefe. An kai ta wajen mai faci ya hure ƙurar cikinta. An kankare busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar an shafa sabo. Mun ba ta fankar ɗakina, muka kwana cikin gumi. Kubra ta ɗauke randa daga kan jiƙaƙƙen yashinta ta ba ta wurin.

Ranar Talatar, yana gab da gama bidiyon wasu masu biki daga Kiyako, suna tsaye a ƙofa suna gaya masa magana, ta sake ɗaukewa. Ya farke ta, ya zare ƙwaƙwalwar, ya mayar a karkace, ya danne da gwiwa. Siraran ƙafafun ƙarfe da ke cikin gurbinta a kan faifan suka lanƙwashe. Ya kunna, ta ce "fat," soron ya gume da ƙaurin babbaka. Daga nan ya ɗauko ƙotar gatari. Kubra ta kwashe yara ta kulle ɗaki. Ni ina bakin ƙofa, kowane bugu in ji shi a haƙarƙarina, ina gode wa Allah da ƙarfe yake duka ba mutum ba.

Ta rasu ta bar fuska mai tsaga ɗaya, da allon rubutu da ya rasa haƙora, da linzamin da ake ja ana dannawa, da ƙwaƙwalwar da ake kyautata zaton tana da sauran rai.

Tsofaffin abokansa masu babura sun riga sun zo ta'aziyya, suna danna ham suna kiransa da sunan da na hana. Mun yafe musu, kada su sake wahala.

Game da jana'iza, muna roƙon masu sayen gwangwan su daina zarya, ba za a ba da ita a kilo ba. Gawar tana shimfiɗe kan tabarma a soro, kuma ba a sa ranar binnewa ba. Tun safiyar Laraba Musaddiq ke zaune gabanta da allurar uwarsa, yana miƙar da lanƙwasassun ƙafafun nan ɗaya-ɗaya, ko ƙofar gida bai leƙa ba. Malam Zulkifli ya duba faifan, ya ja ni gefe ya gaya mini abin da ya gani: faifan ya ƙone, ba zai tashi ba, amma ba mu gaya wa Musaddiq ba. Ana karɓar gaisuwa bayan azahar. Duk wanda ya zo, in ya san aikin kwamfuta, don Allah ya yi addu'a kawai ya tashi, abin da ya gane ya bar shi a cikinsa. Ƙafafun suna da yawa, mu kuma ba ma sauri.

Sanarwa daga Badamasi, mahaifin Musaddiq.