Farfesa Lado da Ƙwan Zabin Gwaggo

A dakata da hira, a gyara hula. Ga Farfesa Lado na Gummi, fitilar yammacin Zamfara, Sarkin Ƙwai, mutumin da ya san ranar da aka ɗora maka ƙwaƙwalwa da ranar da aka ja maka hanji, alhali Innarka da ta ɗauki cikin ba ta sani ba. Daga Gummi zuwa Bukkuyum, a zarce Anka, babu mai farar rigar likita irin tasa. Likitocin asibiti kan tuɓe tasu in sun tashi aiki. Shi kuwa da ita yake cefane, da ita yake gaisuwar mutuwa. Ran da ya shiga wani suna da ita, mata suka ɗauka allura aka kawo, kowacce ta suri ɗanta.

Ilimin nan ba tsintarsa ya yi ba. Shekara biyu cur ya yi a wata jami'a, a ɗakin da masana ke binciken yadda ɗan tayi ke haɗuwa a cikin ƙwan kaza. Mahassada na cewa aikinsa wanke kwalabe ne da juya ƙwai a injin ƙyanƙyasa. To, sai me? Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma Farfesa ya dawo gida a 2014 kansa fari fat.

Ajinsa rumfar Audu mai gyaran babur ce. Nan yake tsayawa, hannu a baya, ya dubi masu jiran faci da tausayi.

"Ku duka da kuke nan, kun taɓa zama shimfiɗa uku, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama ta naɗe kamar tabarma, ta zama ƙwaƙwalwa da lakar baya. Ta ƙasa ta naɗe, ta zama hanji. Sannan wasu 'yan ƙwayoyi suka taso daga wajen laka, suka tafi ci-rani cikin hanji, suka shimfiɗa jijiyoyi, ba su komo ba har yau. Mu muka gano haka."

Mu ɗin nan, shi ne da tsintsiya. Abin haushin ma, maganar gaskiya ce. Yana goge tebur ya ji ta, ya ɗauko ta ya taho da ita gida kamar tasa.

Audu dai ya ce in da gaske ne a nuna masa. Nan bincike ya tashi haiƙan, kuma bincike sai da ƙwai.

A gidan Gwaggo Maiturare, ƙanwar babansa, Farfesa ke zaune. Bara annoba ta share mata zabi kaf. Bana aminiyarta Hawwa'u, Bafulatanar wajen Bukkuyum, ta aiko mata da ƙwan zabi goma sha biyu. Da yake zabuwa ba ta iya reno ba, Gwaggo ta sa wa kazarta ta kwanta a kai. Goma sha biyun nan su ne irin da za ta tashi garke da shi, kullum sai ta leƙa akurki ta yi musu addu'a.

Farfesa ya leƙa shi ma, ya ga ɗakin bincike.

Na farko ya nufa da reza don ya yanka masa 'yar taga, yadda ya ga masana na yi. Bai san ƙwan zabo ba ƙwan kaza ba ne, ɓawonsa kamar tsakuwa. Reza ta karye. Ya ɗauko ƙusa da dutse. Sakamakon bincike ya bazu a gaban farar riga. Na biyu ya huda lafiya, ya hango wani jan zare, ya yi kabbara, ya liƙe da salatef ya mayar ƙarƙashin kaza. Bayan kwana uku ko kazar ta kawar da kai don wari. Na uku ya shiga ɗaki da shi ya rufe taga don ya haska da tocila, ƙafa ta ci karo da buta, ƙwai ya tarwatse.

Gwaggo ta zargi gafiya, ta ɗana tarko. Da ta ga salatef sai ta kwance tarkonta, don a iya saninta gafiya ba ta zuwa kanti.

Shi kuwa Farfesa ya riga ya yi shela: ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gida, zai buɗe ƙwai kowa ya ga ƙwaƙwalwa da hanji suna haɗuwa. Ya gayyaci Audu, da Malam Gwadabe hedimasta, da mai kemis. Da safe ya nufi akurki, ya tarar da Gwaggo zaune a bakinsa da muciya a cinya.

"Kak ka ƙara sa hannu ga gurbin ga. In ƙwai kaka so, ni ka kawo ma."

Farfesa ya fito yana murmushi. A ganinsa ilimi ne ya ci jahilci da yaƙi, har tsofaffi sun miƙa wuya.

Aka shimfiɗa zane a tebur, aka jera tocila da ƙusa da gilashin ƙara girma. Jama'a suka cika inuwa, wasu bisa babura. Gwaggo ta fito da ƙwai ɗaya a ƙwarya, naɗe cikin tsumma. Farfesa ya ɗaga shi sama.

"Ku taɓa ku ji. Ɗumi ne na rai. Yanzu haka 'yan ci-ranin nan suna kan hanya."

Hedimasta ya taɓa, ya gyaɗa kai. Farfesa ya ƙwanƙwasa, ɓawo ya tsage. Babu abin da ya zubo. Ya ɓare kaɗan, fari tas, da tauri. Ya ƙara ɓarewa. Ya kanga gilashi. Ya tsaga da farce, ga gwaiduwa dunƙule a tsakiya. Da wani ne, a nan zai nemi ƙasa ta tsage, amma manya ba sa faɗuwa, sai dai su yi sujada.

"Jama'a, ku shaida. Ko a jami'a ba mu taɓa ganin haka ba. Farin nan ƙwaƙwalwa ce, ta nuna lokaci ɗaya. Rawayar nan hanji ne, ƙwaƙwalwa ta rungume shi tun kafin ya miƙe. Zabin Zamfara sun riga kajin Turai da kwana ashirin. Daga yau sunan wannan abu Tsarin Lado, kuma zan rubuta wa masana su zo Gummi su ɗauki karatu."

Mai kemis ya fara tafi. Audu ya matso yana shinshina. Farfesa ya juya ga Gwaggo cikin karamci irin na manyan masana, waɗanda ba sa manta ƙananan ma'aikata.

"Gwaggo, tarihi na jin ki. Faɗa wa duniya abin da kika yi wa ƙwan nan ya zama haka."

Gwaggo ta kwance bakin zane, ta ajiye wani ɗan ƙulli a kan teburin bincike.

"Kasuwa nis sayo shi, dafa shi niy yi. Ga gishiri, ci abinka ka bar mani taran."